Abubuwan da ya kamata a duba kafin sayen kwamfutar tafi-da-gidanka don ɗora Linux

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuma ba ta karɓar kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0. Saboda haka tsofaffin kwamfutoci da dama, ciki har da na hannu da ake shigowa da su Najeriya, sun shiga haɗarin kutse. Linux na daga cikin mafita ga masu su.

Linus Torvalds ne ya fara rubuta Linux a shekarar 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kyauta ake samun ta, kuma kowa na da ikon dubawa da gyara yadda aka gina ta. Fitattun nau'o'inta sun haɗa da Ubuntu da Linux Mint da Fedora da Debian.

Sai dai ba kowace kwamfuta ce ke tafiya da ita lami lafiya ba. Abu na farko da za a bincika shi ne katin Wi-Fi. Na kamfanin Intel yakan yi aiki nan take, amma wasu na Broadcom sai an ƙara musu manhaja ta musamman. Haka abin yake a katin hoto: na Intel da AMD suna aiki kai tsaye, na Nvidia kuwa yakan buƙaci manhajar kamfanin kafin ya nuna ƙarfinsa.

Ga ƙwaƙwalwar RAM, gigabait 8 ya wadatar ga rubuce-rubuce da shiga intanet. Mai gigabait 4 zai fi samun sauƙi da Linux Mint ta Xfce, wadda ba ta da nauyi. Ma'ajiyar SSD kuma ta fi tsohon faifai sauri nesa ba kusa ba.

Kamfanin Canonical, mai Ubuntu, yana wallafa jerin kwamfutocin da ya gwada ya amince da su, ciki har da samfuran ThinkPad na Lenovo da Latitude na Dell. System76 na Amurka da Tuxedo na Jamus kuwa da Linux a ciki suke sayar da nasu. MacBook masu guntun M1 zuwa sama sai da nau'i na musamman kamar Asahi Linux.

Gwaji mafi inganci shi ne mai saye ya tafi shago da filashin da ya ɗora wa Linux, ya tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da ya goge komai ba. Ya gwada Wi-Fi da sauti da kyamara, ya rufe murfin ya buɗe ya ga ko za ta farka. Idan ta hannu ce, ya duba lafiyar batirin, ya kuma tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba, domin kullen na iya hana shi ɗora Linux bayan ya riga ya biya kuɗinsa.