Tsohuwar Motar Gudu da Inshorarta: Inda Hanya Ta Rabu Biyu

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Ingila da Amurka, inda mai tsohuwar motar gudu, irin MGB ko Jaguar E-Type, yake da zaɓi biyu: ko ya yi mata inshorar gama-gari kamar kowace mota, ko ya yi mata ta musamman da ake yi wa motocin tarihi. Tushen wannan zaɓi tsohuwar tambaya ce: wa ke yanke ƙimar mota, kuma yaushe ake yankewa?

A 1904 kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta rubuta takardarta ta farko a kan mota, kuma masu rubutun sun ɗauke ta tamkar jirgin ruwa ne mai tafiya a tudu. Da haɗurra suka yawaita sai hukuma ta shigo ciki. Jihar Massachusetts ta Amurka ta wajabta inshora daga 1927, Birtaniya ta bi sahu da dokar hanya ta 1930. Abin da waɗannan dokoki suka fi damuwa da shi shi ne wanda aka buge. Motar kanta kuwa, idan mai ita ya sa ta cikin inshora, kamfani kan biya abin da za ta yi a kasuwa ranar da ta lalace. Ƙa'idar ita ce a mayar da mutum inda yake kafin asara, ba tare da ya ci riba ba. Tunda mota kullum tsufa take yi, diyyarta ma kullum raguwa take yi.

Sai dai a daidai wannan lokaci wasu mutane sun fara kallon tsohuwar mota da wani ido. A 1927 aka farfaɗo da jerin gwanon tsofaffin motoci daga Landan zuwa Brighton. A 1930 aka kafa ƙungiyar Veteran Car Club, a 1934 aka kafa Vintage Sports-Car Club, Amurkawa kuma suka kafa tasu a 1935. Mutum zai shafe shekaru yana neman kayan gyara, yana biyan makanikai da masu fenti, amma ranar da gobara ta cinye motar, ma'aikacin inshora ya duba shekarunta ya yi mata kuɗin tsohon ƙarfe.

Wannan giɓi ne ya haifar da ƙimar yarjejeniya. Kamfanin Grundy na jihar Pennsylvania, wanda aka kafa a 1947, yana cikin na farko da suka yi suna da ita. Hagerty na jihar Michigan ya fara ne a 1984 da inshorar kwale-kwalen katako, ya shiga harkar motoci a 1991. A wannan tsari, mai mota zai kawo hotuna da rasitan gyara, wani lokaci har da shaidar ƙwararre, a zauna a amince da adadi tun kafin komai ya faru. Idan motar ta salwanta, adadin nan za a biya. Kuɗin shekara ma yakan fi sauƙi, domin akwai sharuɗɗa: a taƙaita nisan tafiya a shekara, a ajiye ta a gareji, mai ita ya kasance yana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum.

Ita ma yarjejeniyar tana son kulawa, domin kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a Agustan 1988, farashin motocin gudu ya yi tashin gwauron zabo, sannan ya faɗi warwas a farkon shekarun 1990. Daga baya ya sake tashi: a 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO, ɗaya daga cikin 36 da aka ƙera, a kan dala miliyan 48.4 a gwanjo. Wanda ya bar adadinsa shekara da shekaru bai sabunta ba, to da hannunsa ya rage wa kansa diyya.

A yau shekaru kaɗai ba sa raba gardama. Gwamnatin Birtaniya tana ɗauke harajin hanya ga motar da ta haura shekara 40, amma kowane kamfani yana da nasa ma'aunin, wasu tun daga shekara 15 ko 20. Ɗauki Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989. Wani da ita yake zuwa aiki kullum, wani kuma sai ranar hutu yake fito da ita. Idan na farkon ya bi araha ya ɗauki inshorar tarihi wadda ba ta yarda da zuwa aiki ba, ranar haɗari kamfani na iya hana shi diyya. Idan na biyun ya tsaya a kan ta gama-gari, zai iya rasa duk abin da ya kashe a gyara.

Saboda haka, kafin mai mota ya tambayi farashin inshora, sai ya fara faɗa wa kansa gaskiya game da yadda yake hawanta. Amsar da ya bayar ita za ta nuna masa takardar da zai sa wa hannu.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.