Masu Hoton Ringim da Fumfunar Gilashin Kyamara

Fumfunar gilashin kyamara tsohuwar matsala ce a sana'ar ɗaukar hoto, kuma tare da kyamarar ta shigo ƙasar Hausa. Ba a ganin ta daga waje. Sai an kwance gilashin daga jikin kyamara an ɗaga shi sama ana kallon haske, sannan a hango fararen zarurruka sirara kamar saƙar gizo-gizo, sun taso daga gefe suna rarrafowa tsakiya. Da farko ba ta taɓa hoto. In ta yaɗu sai hoto ya riƙa fitowa da hazo, baƙi ya koma toka-toka, farar babbar riga kuma ta yi ta feshin haske a gefunanta.

An bayyana fasahar hoto ga duniya a birnin Paris a 1839, kuma ta gaɓar teku ta iso Nijeriya. George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Legas a 1895, shi ne kuma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa layin dogo da ya nufo Arewa ta Jebba. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Reshensa da ya miƙa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim, ya mai da garin tashar lodin gyaɗa. Duk inda jirgi ya tsaya akwai akawu, da ma'aikatan reluwe, da wakilan kamfanonin sayen gyaɗa, kuma su ne suka fara neman hoto. Masu ɗaukar ma galibi 'yan kudu ne da suka zauna a Sabon Garin Kano da unguwannin tasha. Mutanen gari sun daɗe suna ɗari-ɗari saboda saɓanin malamai a kan hukuncin sura. Buƙata ce ta sassauta lamarin: fasfon aikin hajji, takardar makaranta, katin aiki. Wanda ya zauna aka ɗauke shi don fasfo, ba wuya ya dawo ranar sallah da 'ya'yansa.

Kyamarar wancan zamani akwatin katako ce a kan ƙafa uku, mai hoto ya lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya wanke hoton a cikin akwatin nan take, sha yanzu magani yanzu. Gilashinta falle kaɗan ne, kuma ana iya warware shi da hannu a goge. Rauninsa yana wurin da aka manne falle biyu da ƙaron wani itace na ƙasar Kanada, wanda masu ƙera gilashi suka daɗe suna amfani da shi. Ƙaro abinci ne ga fumfuna, in kuwa ta shiga tsakanin manne babu tsumman da zai kai gare ta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa masana suka ɗauki matsalar da gaske. A dazuzzukan Niyu Gini tabaran hangen nesa na sojoji sun riƙa lalacewa cikin 'yan watanni, har aka ɗora wa masana a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, cikinsu da masanin tsirrai J. S. Turner, aikin nemo magani. Sun fitar da sakamakon bincikensu a 1946. Abin da aka tabbatar tun daga lokacin bai canza ba. Ƙwayoyin fumfuna irin su Aspergillus da Penicillium suna yawo a iska ko'ina, babu gilashin da ba ya ɗauke da su. Abin da suke jira shi ne danshin iska ya haura kashi 70 cikin ɗari na 'yan kwanaki, a wuri mai duhu da ɗumi inda iska ba ta zagayawa, ga ɗan abinci kamar ƙura ko maiƙo ko shatin yatsa.

Daga shekarun 1970, da kuɗin fetur suka shigo, kyamarorin Japan masu fim irin su Yashica da Pentax da Canon da Nikon suka cika kasuwa, Hausawa da yawa kuma suka shiga sana'ar. Mai hoto a gari kamar Ringim zai ɗauki biki da suna da hawan sallah, ya aika fim Kano a wanke mai kala. Sai dai sabon gilashin ya fi tsohon laushin jiki. Ana shafe fallayensa da wani siririn sinadari mai hana haske warwatsewa, fasahar da Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya yi wa rajista a 1935. Fumfuna tana fitar da ruwa mai tsami da ke cinye wannan shafe, don haka ko an goge ta tabonta yana nan har abada. Gilashi mai zuƙowa kuma yakan ƙunshi falle goma ko fiye, kuma duk sa'ad da aka miƙe shi aka maido sai ya shaƙi iskar waje da abin da ke cikinta.

A nan yanayin Ringim ya yi wa masu hoto tarko. Rabin shekara da ɗoriya iskar yankin a bushe take ƙayau, abokin gabar da kowa ke gani da ido kuwa ƙurar hunturu ce. Saboda haka al'adar da ta kafu ita ce ta ɓoyo: a rufe gilashi da murfi, a naɗe kyamara a tsumma, a sa ta a jakar fata, a jefa jakar cikin akwatin ƙarfe a tura ƙarƙashin gado. Dabara ce mai kyau a watan Janairu. A watan Agusta kuwa, lokacin marka, ita ce ainihin abin da fumfuna ke so, balle a garin da ke bakin kogin Haɗeja da fadamunsa, inda bangon ɗaki kan jiƙe daga ƙasa. Fata da tsumma suna riƙe laima, akwati ya ba da duhu, ƙurar da ta shige tun hunturu ta zama abinci. Shi ya sa kyamarar da ake fita aiki da ita kullum ba ta cika kamuwa ba. Wadda ake ji da ita aka adana, ita ake buɗewa bayan damina a tarar ta yi fure.

Magani mafi tsufa shi ne rana. Akan cire murfi a shanya gilashin na ɗan lokaci, haske da bushewa su tsayar da yaɗuwar, ko da yake ba sa kawar da zaren da ya riga ya kwanta. Yana da nasa haɗari: gilashi na tara hasken rana wuri guda har ya ƙona abin da ke bayansa, zafi kuma na narka man da ke cikinsa ya malalo kan fallaye. Wata dabarar ta ƙasashe masu zafi ita ce kabad da ƙwan lantarki a kunne a ciki, amma wannan sai inda wuta ke zama. Abin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne roba mai murfi da ke rufuwa ruf, a zuba 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi da na magani, a riƙa gasa su a wuta kaɗan-kaɗan idan sun ƙoshi. Danshin da ake nema kashi 40 zuwa 50 ne. In ya yi ƙasa ƙwarai man gilashin kan bushe.

Idan ta riga ta kama, aikin na mai gyara ne, kuma yawanci sai an dangana da Kano. Zai kwance zoben gaba, ya fitar da fallayen ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alama, don falle guda da aka mayar a juye ya isa ya ɓata hoto. Zai wanke da haidurojin feroksaid haɗe da amoniya, ya bi da sifirit, ya goge cikin bututun ma. Gilashi mai araha sau da yawa kuɗin gyaransa ya fi kuɗinsa.

An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birni, Ringim ta sami masarautarta, aikin hoto ya ƙaru da naɗin sarauta da tarukan gwamnati. Bayan shekara ta 2000 fim ya ba kyamarar dijital wuri, wayar salula kuma ta ƙwace hoton yau da kullum. Gilashin waya ƙarami ne kuma a liƙe yake, ba kasafai yake kamuwa ba. Masu ɗaukar biki da bidiyo ne suka gaji matsalar, musamman da yake yawancin gilasansu na hannu ne da aka shigo da su daga waje, wasu da fumfunarsu suka zo. Mai saye da ya san kan abin yakan buɗe ƙofar hasken gilashin gaba ɗaya, ya haska tocilar waya ta baya, ya leƙa ta gaba yana karkata shi. Ɗigo-ɗigo ƙura ce, ba ta hana ciniki. Zare mai rassa kuwa yana karya farashi, kuma in an saya ba a haɗa shi jaka ɗaya da sauran gilasai sai an wanke shi.