Amana da Lissafi: Ka'idar Wasa a Kasuwancin Tambuwal da Kebbe

Ka'idar wasa reshe ne na ilimin lissafi da tattalin arziki da ke nazarin shawarar da mutum ke yankewa a inda sakamakonta bai rataya a wuyansa shi kaɗai ba, sai an haɗa da abin da abokan hulɗarsa za su aikata. John von Neumann da Oskar Morgenstern ne suka aza harsashinta a littafinsu na 1944, sannan a 1950 John Nash ya bayyana abin da ake kira daidaiton Nash, wato matsayin da babu wanda zai ƙaru idan ya sauya dabararsa shi kaɗai, muddin sauran suna nan kan tasu. Matsayar wannan maƙala ita ce, amanar da ke riƙe da cinikin hatsi, albasa da dabbobi a kudancin Jihar Sakkwato tana da tsari da sharuɗɗa, kuma babban aikin shugaban kasuwanci shi ne kare waɗannan sharuɗɗa.

Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa, yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, yayin da Kebbe take can kudu, tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. A kasuwannin wannan yanki akwai baƙon da ya zo saye sau ɗaya ya wuce, akwai kuma falken da ke dawowa kowace ranar kasuwa, kuma lissafin mu'amala da kowannensu daban yake. Hulɗa da baƙo ta yi kama da abin da masana suka kira tsaka-mai-wuyar fursunoni biyu, wanda aka tsara a Amurka a 1950: kowane ɓangare yana ganin riba a cikin cuta, mai kaya ya yi algus ko ya tauye mudu, mai saye ya karɓi kaya bashi ya ɓace, amma idan duka biyun suka bi wannan hanya sai su tashi da ƙasa da abin da gaskiya za ta ba su. Da zarar hulɗar ta zama mai maimaituwa, ribar cutar yau ba ta kai asarar cinikin shekaru masu zuwa ba. Robert Axelrod ya nuna a littafinsa na 1984 cewa dabarar da ta yi fice a gasar kwamfuta da ya shirya ita ce wadda ke farawa da kyautatawa, ta rama cuta nan take, ta kuma koma haɗin kai idan abokin hulɗa ya gyara.

A nan ne matsayin dillali ke fitowa fili. George Akerlof ya yi bayani a 1970 cewa idan mai sayarwa ya fi mai saye sanin aibin kaya, mai saye zai riƙa taya kowane kaya da arha, har masu kaya nagari su janye. Dillalin kara, wanda ya san mai saniya ya kuma san mahauci, yana toshe wannan giɓi ta hanyar jingina sunansa, domin baƙi biyun na iya rabuwa har abada, amma shi yana nan mako mai zuwa. Abner Cohen ya tarar da irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, inda littafinsa na 1969 ya nuna yadda masu masaukin fatake Hausawa ke tsaya wa bashin shanu tsakanin 'yan Arewa da mahautan Yarabawa, ba da takarda ba sai da mutunci.

Ka'idar tana kuma haska batun zaburar da ma'aikata. Maigidan da ke biyan yaronsa bisa yawan abin da ya sayar kawai ya koya masa gaggawa, domin yaron zai ba kowa bashi, ya kuma ɓoye aibin kaya, tunda asarar gobe ba tasa ba ce. Tsohuwar al'adar da maigida ke ba yaron da ya daɗe yana hidima jari ya tsaya da ƙafafunsa ta fi wannan hikima, saboda ta ajiye babban sakamako a ƙarshen tafiya, ta yadda ha'incin rana ɗaya zai jawo asarar wahalar shekaru. Sai dai tsarin yana aiki ne kawai idan yara sun ga an sallami na gaba da su da alheri. Maigidan da ya saɓa alkawari sau ɗaya ya sanar da duk yaransa cewa cin amana ya fi biya.

Ka'idar tana kuma bayyana abin da ke faruwa da kaka, lokacin da kowane manomi ke gaggawar kai amfaninsa kasuwa saboda bashi da buƙatun gida, farashi ya faɗi, kowa ya yi asara. Wannan daidaiton Nash ne maras kyau, kuma nasiha kaɗai ba ta warware shi, sai an sauya lissafin da kansa ta hanyar rumbun ajiya na haɗin gwiwa da rancen da zai ɗauke wa manomi matsin kaka.

Ana iya cewa ka'idar ta ɗauki ɗan Adam a matsayin mai son kansa zalla, alhali ɗan kasuwan Tambuwal na guje wa tauye mudu ne don tsoron Allah, kamar yadda Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi. Wannan gaskiya ne, amma ko Daular Usmaniyya ba ta bar kasuwa ga zukata kaɗai ba, ta naɗa muhtasibi mai duba awo da ma'auni, domin mai gaskiya ba ya daɗewa a inda macuci ke cin riba ba hukunci. A yau da ciniki ta waya da tura kuɗi ta banki ke haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, wajibi ne sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin dillalai na Tambuwal da Kebbe su daidaita mudu, su rubuta basussuka, su sanar da kasuwannin maƙwabta sunan wanda aka tabbatar ya ci amana, su kuma buɗe ƙofar dawowa ga wanda ya biya haƙƙin da ke kansa.