Iyayen Kyawawan Halaye: Daga Falsafar Girka zuwa Mutumin Kirki na Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Masana falsafar ɗabi'a sun daɗe da ware halaye huɗu a matsayin tushen sauran halayen kirki: hikima, jarumtaka, kamun kai da adalci. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan rabo a tarihi, sannan ta auna shi da kalmomin da Hausa ta tanada.

2.0 Tarihin Rabon

Aflaɗun ne ya tsara huɗun a littafinsa Jamhuriya, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya danganta hikima da hankali, jarumtaka da zuciya, kamun kai da horon sha'awa, adalci kuwa shi ne daidaiton ukun. Ambrose na Milan (ya rasu 397) ya raɗa musu suna daga kalmar Latin mai nufin abin da ƙyaure ke juyawa a kansa.

A duniyar Musulunci, Miskawaihi (ya rasu 1030) ya kawo su a Tahzibul Akhlaƙ. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya karɓe su a Ihya'u Ulumiddin, ya kira su iyayen halaye, watau waɗanda suka haifi saura. Ihya'u na cikin littattafan da malaman jihadin 1804 suka nazarta, don haka rabon ba baƙo ba ne a zaurukan karatun ƙasar Hausa.

3.0 Ma'aunin Bahaushe

A laccar tunawa da Hans Wolff a Jami'ar Indiyana, 1973, Kirk-Greene ya lissafa halaye goma na mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura na farko shi ne, shida daga ciki aro ne daga Larabci: amana, karamci, hankali, ladabi, hikima da adalci. Na biyu, babu jarumtaka a jerin.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san jarumi ba. Kirarin mazaje da waƙoƙin 'yan dambe sun isa shaida. Bayanin yana cikin kalmar haƙuri. Gazali ya sanya juriya da haɗiye fushi ƙarƙashin jarumtaka, ya sanya saburi da kunya ƙarƙashin kamun kai. Haƙuri ya haɗa juriya da haɗiye fushi da saburi, ke nan ya ɗauki nauyin iyaye biyu. Shi ya sa ake kiransa maganin zaman duniya.

Pulaaku na Fulani ma ya jera munyal, semteende da hakkiilo, watau haƙuri, kunya da hankali, amma ya ambaci ngorgu, mazakuta, ƙarara. A unguwanni irin Tudun Fulani ta Minna, inda Hausa ke haɗa ƙabilu, ma'aunan biyu suna cuɗanya kullum.

4.0 Kammalawa

Mai fassara littattafan tarbiyya da ya dage kan kalma ɗaya a gurbin kalma ɗaya zai bar haƙuri da kunya a matsayin 'ya'ya, alhali a wurin Bahaushe iyaye ne. Ya wajaba ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi ya fara tantance faɗin ma'anar kowace kalma kafin ya ɗora mata rabon Girkawa.