Mu da Muka Yi Muhawara da Ƙafafunmu

Tun da na ajiye aikin ƙungiyarmu ta masu nakasa na dawo Masanawa, yaran da suka karɓi ragama ba su daina aiko min da tambaya ɗaya ba: Baba, ya dace mu zauna da mai cewa nakasa alhaki ne, ko mai cewa bara ce sana'ar gurgu? Wasunsu na ganin zama da irin wannan mutum ɗaukaka shi ne. Wasu kuma ba su da aiki sai cacar baki da shi a Facebook har asuba. Duka ɓangarorin haushi suke ba ni, don sun ɗauka a kansu aka fara.

Mu mun ga wadda ta fi wannan zafi. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan-inna, bayan Dakta Datti Ahmed da Majalisar Ƙoli ta Shari'a sun ce an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Magidantan da suka yarda da wannan magana ba mahaukata ba ne. Ba su manta da gwajin Trovan na Pfizer ba, lokacin sanƙarau na 1996, kuma suna tambayar yadda ake bin su gida-gida da ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓi sai da kuɗi. An dawo da rigakafin a Yulin 2004 da maganin Indonesiya, amma gwamnati ce ta sauko, magidanta ba su sauko ba.

A nan ne zaman zaure ya yi rana, abin da yau ba wanda ke yi. Wanda ya koya mana shi Sarkin Guragun yankinmu ne, Allah Ya jiƙansa, mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba. Ƙa'idarsa ita ce ba a kunyata maigida a bainar jama'a. Sai mu fara gaida dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa da liman, a shimfiɗa tabarma, a kira wanda ya ɓoye 'ya'yansa. A bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa, har da zagin Turawa, har da zargin an saye mu. Sarki ba ya katse shi, kuma duk wanda ya katse a cikinmu zai sha faɗa a hanya. Idan ya gama, sai Sarki ya yarda masa da abin da yake gaskiya, musamman maganar kuɗin magani. Sannan ya yaye riga ya nuna ƙafafunsa, ya tambaye shi cikin ladabi wanne daga cikin 'ya'yansa ya zaɓa ya gaji wannan. Ba kowa ke sallamawa a ranar ba. Amma sau da yawa uwargida, da ke saurare daga bayan ƙofa, ita ke turo yaran washegari.

Da na tuna Sarki sai na tuna kekensa, wanda ya sha walda har ba a gane asalinsa. Da shi muke bin ƙauyukan Kabo da Gwarzo tun kafin su Aminu Ahmed Tudun Wada su yi suna da ƙera kekunan guragu a birni. Kuma tun kafin a san kalmar tallafi yana da asusun da ake zubawa ran Juma'a, don aure da suna da likkafani. Masu raina sarautar guragu da makafi da kutare ba su san wannan ba.

Shekarar 2013 ta nuna mana ɗaya fuskar. A watan Fabrairu aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo ya tono tsohon zargin. A iska ba wanda ke kallon idon wani. A ƙarshen shekarar kuma aka kawo dokar hana bara zamanin Kwankwaso. Malamai suka yi magana, 'yan majalisa suka yi, mu kanmu muka rabu: 'yan bokonmu na murna, dattawa na tambayar me za su ci. An yi ta muhawara a kanmu, ba da mu ba, har 'yan'uwa suka fito zanga-zanga.

To, ga amsata, 'ya'yana. Ku zauna da kowa, in dai kuna wurin da jikinku, akwai dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kuma akwai abin da za a yanke kafin a tashi. In babu ukun nan, ku adana yawunku. Ta irin wannan zama ne yaron ƙarshe da shan-inna ta asali, wato wadda ba daga ɗigon rigakafi ta samo tushe ba, ta kama a Kano ya kasance na Sumaila a Yulin 2014.

Gardamar da ke gabanku ma ba ta Facebook ba ce. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba mu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar keke. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ku ɗauki dokar, ku nemi dagaci ya raka ku, ku je ku zauna da masu riƙe da makullan ofisoshin.