Ƙafa biyu, feda uku: tarihin line lock

1/ Kun taɓa ganin bidiyon motar tsere a Amurka, tayoyin baya suna juyawa suna tada hayaƙi amma motar ko motsi ba ta yi? Ba sihiri ba ne. Wani ɗan ƙaramin bawul ne a bututun birkin gaba, sunansa line lock. Ku biyo ni ku ji asalinsa.

2/ Sai da aka fara samun birki mai aiki da mai. Duesenberg Model A ta 1921 ce motar fasinja ta farko da ta fito da irin wannan birki a tayoyi huɗu. Ka taka feda, masta ya tura mai cikin bututu, mai ya matse birki. Duk abin da ke gudana a bututu kuwa, ana iya tare shi.

3/ A 1936 Studebaker ta kawo Hill Holder, na'urar da ke riƙe matsin man birki a kan tudu don kada mota ta zame baya kafin direba ya saki kuloci. Dabarar kenan: a tsare mai, birki ya ci gaba da riƙewa ba tare da ƙafa ba.

4/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Kalifoniya suka rungumi tseren miƙaƙƙiyar hanya. A 1951 Wally Parks ya kafa NHRA don a kwashe su daga titi zuwa fili. Tazarar rubu'in mil ce, wato mita 402.

5/ A 1963 aka fara tayar da tsere da fitilu maimakon tuta. To nan matsala ta fito. Idan motarka ta gangara kafin kore ya kama, jan wuta ne, ka faɗi tun ba a fara ba. Ga kuloci, ga totur, ga birki, ƙafa kuma biyu ce. Wa zai taka na ukun?

6/ A shekarun 1960 kamfanin Hurst na jihar Pensilbaniya ya fito da amsa: Line/Loc. Ka taka birki, ka danna maɓalli a sandar giya, ka ɗaga ƙafa. Gaba ya kulle, baya ya saku. Yatsa ya karɓi aikin ƙafa ta uku.

7/ Da shi ake ƙona taya kafin tsere. Ba don burga kawai ba: roba mai zafi ta fi kama ƙasa, kuma birkin baya ba ya cinyewa a banza.

8/ Haɗa shi fa? Ana sa bawul ɗin tsakanin masta da tayoyin gaba. Abin ya yi sauƙi daga ƙarshen shekarun 1960, da dokar Amurka ta wajabta raba birki gida biyu, galibi gaba daban, baya daban. Mota mai ABS kuwa kowace tayar gaba da nata bututun, aikin ya fi wuya.

9/ Nan ne haɗarin yake. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayar da mota. Mahaɗa ɗaya ta yi yoyo, ko a bar iska a bututu, feda ta lume ƙasa. Kuma ba birkin hannu ba ne, wuta na ɗaukewa ya saki.

10/ Mustang GT ta 2015 ta fito da nata daga kamfani, kwamfutar mota ke riƙe gaba har daƙiƙa 15. Ford da kanta ta ce na filin tsere ne kawai.

11/ Kafin wani ya nufi garejin bakanike: Corolla da Golf da muka saba gani tayoyin gaba ne ke jansu. Ka kulle gaba, ka kulle abin da ke tafiyar da motar. Ka bar birkinka yadda yake, ɗan'uwa.