Daga Kwalbar Turare Zuwa Gindin Katanga: Tafiyar Wardi Zuwa Dutse

Mun san ƙamshin wardi tun kafin mu san ƙayarsa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, cikin hajar da ayari ke ƙetaro hamada da ita har da man wardi, kuma ya lura ba a cika baje shi a kasuwa ba, sai dai a bi sarakuna da manyan attajirai da shi har gida. Daga baya alhazai suka karɓi aikin, suna dawowa da 'yan kwalabe cikin tsaraba, wasu daga gonakin Ɗa'ifa da ke kan tsaunuka kusa da Makka. A wurin kakanninmu wardi abin shafawa ne ranar Juma'a da ranar Idi.

A Dutse ta wancan zamani, wato Garu da ke maƙale tsakanin duwatsu da ƙauyukan kewayenta, ba a ba shuka wuri a gida sai an san amfaninta. Dabino na ciyarwa, zogale na shiga kwaɗo, lemun tsami magani ne, lalle na amare. Lallen ma yana da furen da ƙamshinsa ke cika tsakar gida da yamma, amma don ganyen aka bar shi. Wanda duk ya ja guga ya zuba wa abin da ba a ci, ba a sha, ba a kaiwa kasuwar Shuwarin, to sai an tambayi lafiyarsa.

A can Turai kuwa ana ta wani aiki. Tsohon wardinsu ba ya tsoron ƙanƙara, amma yawancinsa sau ɗaya yake fure a shekara. Daga ƙarshen ƙarni na 18 jiragen ruwa suka fara kawo wasu iri daga Sin, masu fure a kai a kai, sai dai da yawansu ragwaye ne a gaban sanyi. Masu lambu suka yi ta haɗa jinin wannan da wancan, har a 1867 wani mutumin Lyon a Faransa, Jean-Baptiste Guillot, ya fitar da wanda ya sa wa suna La France. Shi ake ƙirgawa na farko a dangin Hybrid Tea: doguwar sanda miƙaƙƙiya, fure ɗaya babba a kanta, mai tsinin tsakiya. A 1900 wani ɗan garin, Joseph Pernet-Ducher, ya shigo da launin rawaya cikin dangin ta hanyar Soleil d'Or, wanda ya samo daga wani wardin Farisa. Launin ya taho da gadonsa, ciwon baƙin tabo mai kakkaɓe ganye, kuma har gobe dangin ba su rabu da shi ba. Ƙololuwar tashen ita ce 1945, da aka raɗa wa wardin Francis Meilland suna Peace a Amurka ana dab da gama Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma raba furensa ga wakilan taron San Francisco da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Wardin Papa Meilland ya biyo baya a 1963, Double Delight a 1977.

Duk da girman furen, ragwancin nan na gado bai bar jikinsa ba. Wardin ɗan aure ne, kamar mangwaronmu, an ɗaura shi a kan tushen wani mai ƙarfi. Idan ƙanƙara ta ci gaɓar auren, shi ke nan, abin da zai tsiro baɗi tushen ne kawai. Shi ya sa masu lambu a Kanada da arewacin Amurka suke binne gaɓar, su tula ƙasa a gindi kafin sanyi ya kankama. A Minnesota har rami ake tonawa a kwantar da itacen ɗungurungum, a rufe shi sai sanyi ya wuce. Gajiya da wannan hidima ce ta juya akalar masu ƙirƙirar iri. Griffith Buck a Jami'ar Jihar Iowa da Felicitas Svejda a Ottawa suka koma neman wanda zai kwana a waje ba bargo. Kamfanin Kordes na Jamus ya daina fesa maganin cuta a gonakin gwajinsa wajen 1990, wanda ya faɗi ya faɗi. Zuwa shekarar 2000, da wardin Knock Out ya shiga kasuwar Amurka da furensa matsakaici da taurin ransa, mai saye ya fara tambayar juriya kafin ya tambayi kyau.

Mu dai ta ƙofar Turawan mulki itacen ya shigo mana. Bayan cin Kano a 1903, gidajen Razdan da Di'o a Nasarawar Kano, da na Zariya da Kaduna, suka samu gadina mai yawo da butar ban ruwa. Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ta fi ko'ina karɓar baƙon. Dutse ba ta cikin wannan lissafi, gunduma ce a lardin Kano. Rabonmu daga zamanin shi ne darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928 ta bazu har ta zama 'yar gida. Ko da Gwamna Audu Bako ya zo, tsakanin 1967 da 1975, da madatsun ruwansa da gidan zu mai lambuna, harkar fure ta birnin Kano ce, mu sai mun je mu gani.

Ranar 27 ga Agusta 1991 ce ta sauya labarin. Aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka wayi gari Dutse ce babban birni, ma'aikata suka kwaso kaya daga Kano. A ganina, ba son kyau ne ya rasa a garin nan tun farko ba. Abu uku wardi ke jira: katanga da za ta tsare shi daga awaki, ruwan da ba a ja da igiya, da albashin da zai sa mutum ya sayi abin da ba zai ci ba. Sababbin rukunin gidaje suka kawo katanga, burtsatse ta kawo ruwa, ofis ya kawo na ukun. Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, da ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, ya ƙara wa abin daraja da son dashen itatuwa da filin golf ɗin da ya kafa. Abin da sarki ke yi, ba a yi masa kallon wauta. Daga 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, aka buɗe tituna masu tsibiri a tsakiya da shataletale, aka gina sakateriya, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, filin jirgin sama a 2014. Sai ga masu fulawa a bakin titi, sun jera baƙaƙen ledoji a inuwa, wasu kayan nasu sarin Kano ne, wasu daga Jos.

A nan ne lissafin Turawa ya kife. Hunturun da suke fargaba, mu shi ne lokacin wardi. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare na yin sanyi amma ba ya kai ga daskarewa, iska busasshiya ce, baƙin tabo ba ya samun laimar da yake so. Toho na buɗewa a hankali, fure ya cika, launi ya zauna. Haka abin yake a filayen arewacin Indiya, inda ake datse rassa a Oktoba a samu fure cikin sanyi, kuma kalandarsu ta fi ta Ingila dacewa da mu nesa ba kusa ba. Abokin gabarmu bazara ce. Daga Maris zuwa Mayu, zafi na haura digiri 40, fure ya ƙanƙance, gefensa ya babbake kafin azahar, jajaye masu duhu su ne kan gaba wajen ƙonewa. Ƙura na tara ƙananan ƙwari a bayan ganye, gara na bin gindi, balle in ɗanyen kashin shanu aka zuba. Wanda ya tsira daga wannan, damina na jiran sa da tabonta.

Littattafansu na cewa a dasa shi inda rana ke duka yini guda. Masu lambunmu da suka gwada sun gane cewa gindin katangar da ke samun hantsi, ta yi inuwa bayan azahar, ya fi. Ana zuba taki ruɓaɓɓe, a rufe gindi da buntun shinkafa, a ba da ruwa a ƙasa da sassafe ba tare da jiƙa ganye ba, a yi aski da ɗaukewar damina. Inda muka tsaya a baya shi ne wajen zaɓi. Har yanzu muna zamanin 1945, girman fure ke ruɗarmu. Mai saye ya tsaya ya ce, "Malam, a ba ni ja babba," mai fulawa ya miƙo, ba suna, ba a san tushen da aka aura shi a kai ba. Alhali ƙananan nan masu ruwan hoda, da ake karya reshe a soka a ƙasa su kama, su ne ke shekara da shekaru a gidajen mutane.

Mai son babban fure duk da haka, kada ya yanke hukunci a Janairu, lokacin da kowane wardi ke cikin ado. Ya koma wurin mai fulawa a ƙarshen Mayu, ya duba waɗanda ke da ganye har ƙasa da sabon toho, ya tambaya ko a nan aka raine su ko jiya mota ta sauke su daga Jos. Ya ajiye nasa a tukunya a inuwa har damina ta ɗauke, sannan ya dasa.